Dokar hana tsoma baki ta Star Trek

Malam, ka tambaya ko daidai ne jaruman Star Trek, shirin talabijin na almarar tafiye-tafiye a sararin samaniya, su zuba ido wata al'umma tana halaka, wai don dokarsu ta Prime Directive ta hana tsoma baki. Ni dai ban gamsu ba.

Dokar tana da hujjarta: mutanen da ba su kai ga ƙera jirgi mai wuce haske gudu ba, in ka sauka musu da makamanka, ko dai ka tarwatsa al'adarsu ko su mai da kai abin bauta. Amma dubi kashin shirin mai suna "Homeward" na 1994. Iskar duniyar Boraal II tana ƙarewa, Picard, kyaftin ɗin jirgin Enterprise, ya kafe kan doka. Nikolai, ɗan'uwan Worf (jami'in tsaron jirgin) na riƙo, shi ya kwashe ƙauye guda a ɓoye ya saka su cikin jirgin. Sauran duk suka mutu, Picard yana kallo.