Amsa ga ƙanena mai takardun jami'a uku a hannu

Saƙonka ya iso, kuma kai ne na huɗu a wannan watan da ya turo min irin wannan tambaya, don haka zan amsa a nan kowa ya karanta. Ka ce ka gama digirin farko da bautar ƙasa, jami'o'i uku sun ba ka gurbin mastas: ɗaya a Landan mai babban suna a kan fam 26,000, ɗaya kusa da Birmingham a kan fam 15,500 bayan ragi, ɗaya kuma ƙarama a arewacin Sikotilan a kan fam 16,000. Baba yana son ta Landan saboda suna, har zai sayar da fili. Hajiya tana son ka zauna gidan Kawu a Birmingham. Amarya kuma tana jiran a ce ta haɗa kaya. Duk ka faɗa min wannan, amma ba ka faɗa min nawa aka taya filin ba, alhali nan ne maganar take.

Takardar gurbin da kake ta nuna wa mutane, hangen Dala ce, ba shiga birni ba. Abin da ke buɗe ƙofar bizar Birtaniya ita ce lambar CAS, wato shaidar da jami'a ke bayarwa cewa ta ɗauke ka karatu, kuma jami'a ba ta bayarwa sai ka biya kafin alƙalami, wata fam dubu biyu ko uku, wata rabin kuɗin shekara. Daga nan sai ka nuna wa ofishin biza ragowar kuɗin makaranta da kuɗin zama na wata tara. Tun Nuwamban 2025 ma'aunin shi ne fam 1,529 a wata ga mai zama Landan, fam 1,171 ga mai zama wajenta. Wato fam 13,761 ko fam 10,539. Haɗa da kanka: ta Landan ta kai fam 39,761, ta kusa da Birmingham fam 26,039, ta Sikotilan fam 26,539. In mun ɗauki fam a naira 2,000 don sauƙin lissafi, kana maganar kusan miliyan 80 a Landan, miliyan 52 zuwa 53 a sauran biyun. Ba a sa kuɗin biza ba, wanda ya haura fam 500. Ba a sa harajin lafiya ba, fam 776 a shekara, kuma tunda bizar mastas tana zarce shekara da 'yan watanni, fam 1,164 za ka biya. Ga gwajin tarin fuka, ga tikitin jirgi, ga rigar sanyi.

Kuɗin nan dole su kwana 28 a jere cikin asusunka ko na iyayenka. Asusun kawu, ko na abokin Baba, ko na maigidanka a kasuwa, ba ya shiga. In na Baba ne, sai an haɗa da takardar haihuwarka da wasiƙar amincewarsa. Idan kuɗin suka sauka ƙasa da adadin ko na yini ɗaya, lissafin kwanaki ya koma farko, in kuma ka miƙa a haka an hana ka. Wanda ya ajiye naira daidai wa daida shi ne ke shan mamaki, don farashin canji na ranar da ka miƙa takarda ake dubawa. Ka ɗora aƙalla kashi goma cikin ɗari a kai. Masu ba da aron kuɗi su kwana a asusu na wata ɗaya su karɓi lada, ka guje su. Ko bizar ta fito, ka sauka a nan hannu rabbana, kuma jami'a ba ta karɓar labari.

Na san abin da ke ranka: in na isa zan yi aiki in cike sauran. Wannan tunanin ya kassara yaranmu fiye da sanyi. Doka ta ba ɗalibi awa 20 a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashi da aka sa a Afrilun 2025 ya kasance fam 12.21 a awa ga wanda ya kai shekara 21, wato kimanin fam 244 a mako, in ka samu awannin sun cika, kuma ba kullum suke cika ba. A wajen Landan wannan zai biya maka ɗaki da abinci da bas. A Landan ɗaki ɗaya cikin gidan haɗaka yana lashe kusan duka. Ba inda zai biya kuɗin makaranta. Wanda ya zarce awa 20 a ɓoye yana wasa da bizarsa, wanda kuma ya kwana yana ɗaukar kaya a sito ya zo lakca ƙarfe tara idonsa jajur, shi ne ke faɗuwa a kundin ƙarshe. Mastas maki 180 ne, 60 daga ciki na kundin bincike. Ka rasa su, difloma za a miƙa maka, ka koma gida da abin da ba shi aka sayar da fili dominsa ba.

Ka tuna abin da ya faru bayan an saki naira a Yunin 2023. Dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Yaran da suka taho da shirin a riƙa turo musu kuɗi kashi-kashi daga gida suka wayi gari abin da ke asusun iyayensu bai kai rabin bashin ba. A Mayun 2024 labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke Ingila ya fito a kafafen labarai: an rufe musu shafukan karatu, an kai sunayensu Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya saboda sun makara da biya. Don haka tambayar da za ka yi wa kowace jami'a a rubuce ita ce: kashi nawa ake biya, a waɗanne ranaku, me ke faruwa in an makara da mako biyu, kuma in an hana ni biza nawa za a maido min daga kafin alƙalami. Kada ka karɓi amsar daga bakin ejan. Ejan kamasho yake samu daga jami'ar da ya tura ka, shi ya sa kullum wasu 'yan jami'o'i ne a bakinsa.

Maganar suna, Baba yana da gaskiyarsa. In koyarwa a jami'a kake nufi, ko digirin digirgir, ko aiki a manyan kamfanonin ƙasa da ƙasa, sunan inda ka fito yana buɗe ƙofa. Amma sunan jami'a daban, kwas ɗinka daban. Akwai babbar jami'a da za ka tarar ku ɗari biyu ne a aji, kusan duk baƙi, malamin da zai duba kundinka yana da ɗalibai da yawa, ka samu rabin awa da shi sai ka yi mako biyu kana jira. A ƙaramar jami'a ku talatin ne, malami ya san sunanka, kuma shi zai rubuta maka takardar shaida da ta san kai waye. Ka rubuta wa shugaban kwas ka tambaye shi ɗalibai nawa ya ɗauka bara, sau nawa ake ganin mai duba kundi, akwai zuwa sanin makamar aiki ko babu, kuma wace ƙungiyar ƙwararru ce ta amince da kwas ɗin. Wanda bai amsa maka ba tun kana mai kawo kuɗi, ba zai amsa ba bayan ka biya.

Ta Sikotilan ba zan kushe ta ba, amma ka san me kake saye. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suna bin juna cikin 'yan awanni. Ƙaramin gari ayyukan ɗalibai kaɗan ne, kuma kowa su yake nema a watan Satumba. Ka buɗe taswira ka auna tazarar masallacin Juma'a da mahaucin halal daga makaranta, ka duba kuma jirage nawa za ka hau in an kira ka gida da gaggawa.

Sai Hajiya. Shawararta ta fi ta kowa arha, kuma ba son zuciya ba ce. Ɗaki kyauta na wata biyu ko uku na farko babban abu ne, don masu gidaje a nan suna neman wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar mai albashi, kuma sabon zuwa ba shi da shi. Garuruwan kusa irin su Coventry da Wolverhampton duk tafiyar kimanin minti ashirin ce a jirgin ƙasa daga Birmingham. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a haɗa burin Baba da na Hajiya, ka yi rajista a Landan ka zauna Birmingham. Kuɗin jirgin safe zai cinye abin da ka adana, ka fara tsallake lakca, jami'a kuma tana ƙirga zuwanka don dole ne ta kai rahoto. Sannan gidan Kawu ba gidan Kano ba ne mai zaure da shago. Ɗakuna biyu ne ko uku, ga matarsa ga yara, ga kuɗin ɗumama gida da ke hauhawa da kowane wankan ruwan zafi. Ku yi magana tun kana gida: wata nawa za ka zauna, nawa za ka riƙa sa wa a cefane. Zumunci da yawa ya mutu a nan saboda an ji kunyar wannan maganar.

Amarya ba za ta biyo ka ba. Tun Janairun 2024 an hana masu mastas na aji tahowa da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ka faɗa mata da iyayenta yanzu, da bakinka, kuma ka sa kuɗin cefanenta na shekara cikin lissafi. Bizar zama bayan karatu ma an rage ta: wanda zai nema daga Janairun 2027 wata 18 zai samu maimakon shekara biyu.

Ra'ayina, tunda shi ka nema: in abin da ke hannu bayan an sayar da fili bai rufe fam 39,761 da sauran kuɗaɗen ba tun kafin ka tashi, ka bar Landan, ka ɗauki ta kusa da Birmingham. In bai rufe fam 26,039 ba ma, ka roƙi a ɗage maka gurbin zuwa baɗi, ka nemi tallafin karatu irin su Chevening ko Commonwealth ko PTDF, filin ya zauna inda yake. Kada ka je wa Baba da gardama. Ka rubuta lissafin nan uku a takarda ɗaya da naira, ka ajiye masa bayan sallar isha'i, ɗan kasuwa ne, ya fi ka sanin abin da lambobi ke faɗa.

Ka turo min takardun gurbin uku, da shafin da ya yi bayanin maido da kuɗi, da farashin da aka taya filin. Ka gaida Hajiya, kuma ka kira Kawu da kanka kafin ta riga ka.