Tambaya da Amsa: Fiffiken Katako da Ya Daɗe a Ajiye

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni kafinta ne a Tawa. Wani ɗan'uwana ya bar mini fiffiken ƙaramin jirgi mai kujera biyu irin na Jodel, wanda aka fara haɗawa a Faransa ba a ƙarasa ba, tare da zanen aikinsa. Ya yi shekaru a jingine cikin shago mai rufin kwano. Na duba babban ƙashinsa ban ga ruɓa ko cin gara ba, kuma fenti bai ɗaye ba. Shin zan iya rufe shi da ƙyalle in ci gaba? Idan wani wuri ya lalace, madaci ko farin katakon kasuwa zai maye gurbinsa? Na yi niyyar ɗora maza shida a kai don in gwada ƙarfinsa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam kafinta. Ka dakata da ƙyallen tukuna, domin abin da ka duba ba shi ne ya fi karya fiffike a ƙasa irin tamu ba. Ruɓa tana kama katako ne idan laimar cikinsa ta haura kashi 20 cikin ɗari na tsawon lokaci, abin da ba kasafai yake faruwa a Tawa ba sai dai idan rufi yana yoyo da damina. Abin tsoro a nan shi ne fari da zafi. Katakon da aka yi aikinsa a Turai yana riƙe da laima kusan kashi 12 cikin ɗari, amma hunturu yakan tsotse fiye da rabinta, sai katakon ya tsuke ta faɗinsa alhali ƙarfen da aka ɗaura masa da falankin filawud da aka manna masa ba su tsuke tare da shi ba. Daga nan notuna suke sakewa, tsaga kuma ta biyo jijiyar katakon daga bakin ramukansu.

Ƙashin fiffiken Jodel akwati ne guda ɗaya da ya ratsa daga wannan tsini zuwa wancan, babu tokari daga waje, saboda haka duk nauyin jirgin a sama yana kansa, kuma yawancin abin da ake son gani yana ɓoye a ciki. Lahanin da ya fi muni shi ne murƙushewar jijiyar katako, wadda take faruwa idan aka lanƙwasa ƙashin fiye da kima, misali lokacin da tsinin fiffike ya bugi ƙasa ko aka jefar da shi daga mota wajen sauke kaya. Ba ta buɗe baki kamar tsaga. Wani siririn layi ne kamar gashi da ya gitta jijiyar katakon, kuma ba ya bayyana sai an goge wurin, an kwantar da tocila kusan daidai da fuskar katakon ta yadda hasken zai bi tsawonsa, sannan a duba da gilashin ƙara girma. Katakon da ya murƙushe haka yana iya ɗaukar nauyi yau da gobe, ranar da iska ta fizge shi kuma ya karye ƙwas, ba tare da ya lanƙwashe ya yi gargaɗi ba. Saboda wannan lahani ne hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wajabta a shekarar 2000 a riƙa binciken ƙashin katako na jiragen Citabria da ƴan'uwansu, musamman a gefen falankin da aka ƙara don ƙarfi, tun da a nan ne ƙashin yake sauyawa daga kauri zuwa siranta. Duk ƙashin da aka samu da wannan layi ya gama aiki; a ganina bai kamata mai haɗa jirgi a gida ya yi tunanin ɗinke shi ba.

Sai gam. Ka nemi sanin wane iri aka yi aiki da shi. Idan layin haɗin ja ne mai duhu, alama ce ta resosinol, wanda yake jure zafi da ruwa. Idan kuwa gam ne na yuriya, wanda aka yi yayinsa a Turai, to shi ne yake raunana idan zafi ya kai wajen digiri 50, kuma kai ka fi ni sanin yadda ƙarƙashin kwano yake a watan Afrilu da Mayu. Ka ɗauki siririn ƙarfen da makanikai suke auna bakin fulogi da shi, ka goge fentin bakin haɗin, ka gwada zura shi. Idan ya shiga ko da kaɗan ne, haɗin ya saki. Ka kuma bi akwatin da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali, domin wuri mai lafiya yana amsawa da kaifin sauti, wanda ya saki kuwa sautinsa a dushe yake. Ka kwance notunan gindin fiffike ɗaya bayan ɗaya ka duba tsatsa da baƙin tabo a ramukan.

Batun madaci da farin katako gajere ne: a'a. Wanda ya zana jirgin ya yi lissafinsa a kan katakon sifurus (wani icen ƙasashen sanyi) ko makamancinsa, mai jijiya miƙaƙƙiya da ba ta karkace fiye da santimita 1 cikin 15 ba, mai aƙalla zoben shekara (layin da itace yake ƙarawa kowace shekara) shida a inci guda. Madaci yana da nauyi kuma jijiyarsa a sarƙe take, farin katako kuwa ba shi da ƙarfin. Abin sha'awa, falankin okume na ƙasar Gabon yana cikin kayan da Faransawa suke rufe jiragen katako da shi, amma wanda aka tantance don jirgi, ba na kasuwa ba.

Gwajin maza shida ba zai nuna maka komai ba, kuma yana iya haifar da murƙushewar da muke gudu. A sama iska tana ɗaga fiffike ne, don haka a gwaji na gaskiya ana kife shi, a jera buhunan yashi bisa tsarin da mai zanen ya bayar, ana auna lanƙwasarsa a kowane mataki, a kuma tabbatar ya koma daidai bayan an sauke. Ƙa'idar ƙananan jirage ita ce fiffike ya ɗauki nauyin jirgin cike da kaya sau 3.8 ba tare da ya sauya siffa ba, kuma kada ya karye sai an wuce wannan da rabi. Ga jirgi mai kilo 500, wannan ya kai kilo 1,900, kafin a cire nauyin fiffiken kansa.

Kafin ka kai ga yashi, ka sauke fiffiken daga jingine, ka kwantar da shi a inuwa mai iska bisa matokarai da aka daidaita. Sannan ka tattara zanen, da duk takardar da ta nuna asalin katakon da gam ɗin, ka tuntuɓi hukumar ANAC a Yamai, wadda take da hurumin ba jirgi izinin tashi a Nijar, domin injiniyan da ta amince da shi ya leƙa cikin akwatin da ƴar kyamara tun ba a rufe fiffiken da ƙyalle ba.