Zuwa Holan: Da Gaske Ne Ba Sa Son Baƙi?

Tambaya: Malam, zan je Amstadam wajen ɗana a watan Afrilu. Da gaske ne mutanen Holan ba sa son baƙi? Daga wata Hajiya a Nima, Akra.

Amsa: Hajiya, suna karɓar baƙi, sai dai abin da na gani a can shi ne ba a faɗo wa mutum gida da sallama kawai kamar yadda muka saba a zango. Sai an tsayar da rana da lokaci, a rubuta, kuma idan aka ce ƙarfe uku, to ƙarfe ukun ake nufi. Yawancinsu da ƙarfe shida suke cin abincin dare, wanda ba a gayyata ba kuwa ya kamata ya yi bankwana kafin lokacin. Ba sa ɓoye-ɓoye a magana, don haka kada ki ɗauki "a'a" ɗinsu a matsayin raini. Ni dai wannan halin ya burge ni.

Ki kula sosai da jar hanyar da ke gefen titi, domin ta masu keke ce, kuma a guje suke zuwa. Ranar 27 ga Afrilu ake bikin Ranar Sarki, jama'a su sa tufafi ruwan lemo. Idan kewar gida ta taso, a unguwar Bijlmer akwai 'yan Gana da yawa.