Tsoffin Kuɗin Rumawa: Hoton Sarki da Zinariyar da Ake Jira a Gidan Waya

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikacin asibiti ne a Ingila. Wata rana a kasuwar tsofaffin kaya na sayi ɗan kwabon tagulla mai kan Sarki Konstantin. A ƙasan bayansa an buga PLN, aka ce mini tambarin maƙerar Landan ne, wadda aka rufe wajen shekara ta 325. Tun daga ranar abin ya shige ni. Yanzu ina da kusan ɗari biyu, kuma tambarin maƙera nake bi: na Kartaj, na Ostiya da ba ta wuce shekara biyar tana aiki ba, da na Antakiya mai ΔE. Uwargida ta ce hotunan sarakuna da gumakan da ke jiki suna hana mala'iku shiga gida. Shin sai na rabu da su? Sannan ina so in sayi na zinariya guda na Sarki Balens mai tambarin TROB, na maƙerar Tiriya da ke Jamus ta yau, ta gwanjon intanet, a aiko mini bayan mako biyu. Wani abokina kuma zai ba ni na azurfa guda mai AQPS, na maƙerar Akwileya da ke Italiya, in ba shi nawa na azurfa uku masu TRPS, na Tiriya. Uwargida dai ba ta san abin da nake kashewa ba.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka sa abin da ya fi sauƙi a gaba, ka jefa mai nauyin a ƙarshen wasiƙa kamar cikon magana. Bari mu sallami hoton tukuna.

Kuɗin da Annabi (SAW) da sahabbansa suka yi ciniki da su a Makka da Madina ba su suka buga su ba. Dinari daga Rum yake zuwa, da kan sarki a gaba da gicciye a baya. Dirhami daga Farisa, da kan Kisra da murhun wutar majusawa. Da su aka ba da sadaki, da su aka fitar da zakka, haka aka tafi har Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan hijira. A wurin malamanmu na Malikiyya surar da aka haɗu a kan haramcinta ita ce ta mai rai, mai cikakken jiki, mai inuwa. Kai da kafaɗa a fuskar kwabo bai cika wannan ba. Sai dai uwargida tana da rabonta na gaskiya: sahabbai buƙata ce ta sa suka riƙe waɗannan kuɗi, kai kuwa sha'awa ce, kuma a bayan wasu kwabbanka akwai gunkin Rumawa Jubita da gunkin rana tsaye da cikakken jiki. Don haka su zauna a rufe cikin akwati ko aljihun tebur. Ka fito da su in za ka yi nazari, ka mayar. Kada ka jera su a bangon falo, kada a huda ɗaya a rataya a wuya, musamman mai gicciye. In ka yi haka ban ga dalilin da zai sa ka rabu da su ba, kuma duba abin da al'ummomin da suka shuɗe suka bari abu ne da Alƙur'ani ya yi kira gare shi a wurare da dama.

Wancan ΔE naka ma darasi ne. Sashen maƙera na tara ya kamata a sa masa harafin Girka na tara, to shi ne harafin farko na kalmar mutuwa a harshensu, sai suka gudu suka rubuta huɗu da biyar. Daular da ta mallaki tekun Bahar Rum kewaye tana tsoron harafi guda, kamar yadda wasunmu ba sa kiran maciji da dare sai su ce igiyar ƙasa. Camfi ba shi da ƙabila.

To, ga inda hukunci yake juyawa: ƙarfen da aka buga kuɗin da shi.

Kwabbanka na tagulla sun daina zama kuɗi tun ƙarnoni masu yawa, kaya ne kamar tsohuwar tukunya. Saye su da fam, hannu da hannu ko a aiko daga baya, ka musanya ɗaya da goma, duk ya halatta. 'Yar azurfar da aka shafa wa wasunsu bayan gyaran kuɗin da Sarki Diyokletiyan ya yi wajen 294 ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba, ba ita ake nufi da ciniki ba, hukunci yana bin abin da ya rinjaya.

Na Balens da na abokinka kuwa wani babi ne. Kai da kanka ka san OB ɗin da ke cikin TROB yana nufin tatacciyar zinariya, PS kuma tatacciyar azurfa. Maƙerin ya rubuta maka hukuncin a jiki tun kafin ka tambaye ni. Zinariya in za a saye ta da takardar kuɗi, farashi yadda kuka yarda ne, ko ya ninka nauyinta sau goma saboda ƙarancin tambarin, amma sai an karɓa an bayar a zama guda. Ka biya yau ta iso bayan mako biyu, wannan ribar jinkiri ce. Azurfa uku da azurfa ɗaya kuma ribar fifiko ce, domin jinsi guda sai nauyi ya zo daidai, kuma ka fi ni sanin cewa irin waɗannan da ake tonowa a Ingila da yawansu an datse musu baki tun zamanin da, nauyinsu ba ya haɗuwa.

Na san abin da za a ce maka, wataƙila ma an riga an faɗa. Akwai masu fatawa a yau da suke cewa tsohon kuɗin zinariya ya fita daga hukuncin zinariya, ya koma kayan tarihi, tunda ba wanda zai sayi burodi da shi, kuma mai saye tarihin yake biya. Suna jingina ga Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, waɗanda suka ga cewa kayan ado halattattu, saboda aikin maƙeri, sun zama haja, ana iya sayar da su da fiye da nauyinsu. Manyan malamai ne, Allah ya jiƙan su, amma wannan ra'ayi ya saɓa wa abin da mazhabobi huɗu suke a kai, kuma ko an karɓe shi bai kai inda ake so a ja shi ba.

Hadisin riba bai ce kuɗi da kuɗi ba, cewa ya yi zinariya da zinariya, kuma a riwayar Abu Dawud daga Ubada ɗan Samit an ƙara da cewa ɗanyarta da bugaggiyarta. Wato an rufe ƙofar cewa siffa tana canza hukunci. Fadala ɗan Ubaid ya sayi sarƙa ranar Haibara da dinari goma sha biyu, zinariya haɗe da duwatsu, da ya warware ta sai ya sami zinariyar ta fi abin da ya biya. Annabi (SAW) ya hana a sayar da irinta sai an rarrabe. Sarƙa ce fa, abin wuya, ba wanda yake kashe ta a kasuwa, amma ba a ce ta zama haja ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin maƙerin da ya zo wa Abdullahi ɗan Umar yana cewa yana ƙera zinariya ya sayar da fiye da nauyinta gwargwadon ladan aikin hannunsa. Ibn Umar ya hana shi, mutumin ya yi ta maimaita tambayar yana bin sa, amsar ba ta canza ba: dinari da dinari, dirhami da dirhami, babu fifiko tsakaninsu. In gumin maƙeri mai rai, wanda yake ci da iyalinsa daga wannan sana'a, bai fitar da zinariya daga hukuncinta ba, yaya haruffa huɗu na maƙerin da ya mutu shekara dubu da ɗari shida za su fitar da ita?

Sannan su waɗannan malamai biyu sun gina maganarsu a kan buƙatar jama'a: mata suna buƙatar abin ado, maƙeri ba zai yi aiki a banza ba. Kai wace buƙata ce ta matsa maka? Ƙarin farashin da kake son biya an riga an halatta maka shi in da fam za ka saya. Abin da wannan fatawa za ta ƙara maka kawai shi ne hutun zama a kujera a kawo maka har ƙofa. Ba a buɗe ƙofar riba saboda hutu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a zaɓi wannan kuɗin, a cikin duk zinariyar duniya, a ce shi ne ya fita. Wannan da kake so, wanda Konstantin ya fara bugawa, guda 72 a awon Rumawa, kowane kimanin giram huɗu da rabi, shi ne dai aka ci gaba da bugawa har zamanin Hiraƙal, da tambarin CONOB a ƙasansa, kuma shi ne dinarin da ke hannun mutanen Madina ranar da aka faɗi hadisin. In ana neman zinariyar da babu shakka nassin ya hau kanta, ita ce wannan. Tsufa bai canza mata jinsi ba. Ka kai wa maƙeri a Kurmi ya narka, awarwaro za ta zama.

Wani zai ce to ai fam takarda ce. Majalisun fiƙihu na Makka da Jidda sun daɗe da zartar da cewa takardar kuɗi tana ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a wannan babi, kuma tun kafin su Malik ya ce da mutane za su mayar da fata kuɗi, da ya ƙi a sayar da ita da zinariya ko azurfa a kan jinkiri.

Mafita a kusa take. Je wurin dillali ko kasuwar baje kolin masu wannan harka, ka duba, ka biya da tsaba ko katin da ke cire kuɗi daga asusunka nan take, ka sa abinka a aljihu. In nesa ne, wakilta amintacce ya ƙulla cinikin da kansa, ya biya ya karɓa a zama guda, sannan ya aiko maka ko bayan wata ne, ya zama ajiya ce ke tafiya. Da abokinka kuma, sayar masa naka uku da kuɗi ka karɓa, sannan ka sayi nasa a wani ciniki dabam wanda ba a sharɗanta shi cikin na farko ba. Ko ka ba shi na tagulla ya ba ka na azurfa, wannan ba komai.

Zakka: na tagulla da ka ajiye don sha'awa babu komai a kansu. Na zinariya da azurfa nauyinsu ake dubawa, a haɗa da kuɗin da ke hannunka, in sun kai nisabi shekara ta zagayo ka fitar. Ran da ka koma saye don sayarwa, ka sake tambaya, hukuncin 'yan kasuwa ne zai hau ka.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Daga ina waɗannan kuɗi suke fitowa? A fiƙihu abin da mutanen jahiliyya suka binne rikazi ne, ana fitar da humusi, amma wannan hukuncin wanda ya tono ne, kuma bai halatta wa kowa haƙa gonar wani da dare ba. Ingila tana da dokarta ta 1996 a kan taskar da aka tono, ana kai rahoto, mai gona da mai tsintuwa su sami haƙƙinsu. Haka aka yi da tulun da aka samu kusa da garin Furom a 2010 mai kwabbai fiye da dubu hamsin da biyu. Masar da Turkiyya kuwa sun hana fitar da irin waɗannan kaya, kuma a Siriya an yi wa tsofaffin birane ramuka kamar saƙar zuma lokacin yaƙi, har Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta cinikin kayan tarihinta da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba a 2015. Kai mai son tambarin Antakiya, wannan ta shafe ka kai tsaye. Tambayi dillali a hannun wa kwabon yake kafin ya zo gare shi. In ya fara kame-kame, bar masa kayansa, domin sayen abin da kake kyautata zaton na sata ne taimakon ɓarawo ne. Ka kuma sani inda harafi guda yake ninka farashi, can masu jabu suke taruwa, akwai masu sassaƙa tambari a jikin kwabo na gaske. In ka gano an yi maka haka, kada ka tura wa na gaba a ɓoye. Kada kuma ka shiga gwanjo don ɗaga wa aboki farashi alhali ba saye za ka yi ba.

Jimlarka ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a rai. Dukiyarka ce, shari'a ba ta wajabta maka kawo mata lissafin kowane fam ba. Amma mutum ba ya ɓoye abin da ransa ya natsu da shi. Ina zaton maganar mala'iku da ta yi, rabinta tsoron Allah ne, rabinta kuma ta gaji da ganin ƙeyarka kana duƙe kan madubin ƙara girma bayan ka dawo daga aikin dare. Zauna da ita ka faɗa mata adadin. Ka yanka wa abin nan kaso a wata, bayan cefane da haya da abin da kake aika wa mahaifa a gida, in suna raye, kada ka ƙetare shi, kada kuma ka ci bashi mai ruwa dominsa. In ka ga kana jinkirta sallah don kar gwanjo ya rufe ba ka nan, rufe akwatin wata guda.

Sannan ka sami littafi ka rubuta kowane kwabo: sarkinsa, tambarinsa, ƙarfensa, inda ka saya da nawa, ka nuna mata inda ka ajiye. Gado ne, akwai haƙƙin magada a ciki, kuma in ba a rubuce yake ba, wanda bai san bambancin PLN na Landan da PLG na Liyon ba zai iya juye su duka a buhu ya miƙa wa ɗan gwangwan a kan kilo.

Wallahu a'alamu.