Linjila da goron albishir

Tambaya: Malam, kalmar Linjila Larabci ce ko Ibrananci? (Mai karatu daga Kafanchan)

Amsa: Ta hannun Larabawa muka karɓe ta, amma asalinta Girkanci ne, euangelion. Lam ɗin farkon nan ragowar al- ce, irin ta Laraba da liman da labari. Kalmar kuwa gida biyu ce: eu, mai kyau, da angelos, ɗan aike.

Abin da ke burge ni shi ne tsohuwar ma'anarta. Kafin ta zama sunan labarin, sunan tukwicin da ake ba mai kawo shi ne. Duba 2 Sama'ila 4:10 a tsohuwar fassarar Girkanci. Wani ya sheƙo wa Dawuda da labarin mutuwar Saul yana sa ran euangelia (jam'in euangelion), sai ya gamu da ajalinsa. To, wane Bahaushe ne zai buƙaci sharhi a nan? "Albishirinka!" "Goro!" "Fari ko ja?" Goron nan shi ne euangelion na farko. Daga baya ma'anar ta zame daga goro zuwa labari. A wani rubutun dutse na garin Piriyene, a ƙasar Turkiyya ta yau, wajen shekara 9 kafin haihuwar Almasihu, da wannan kalma aka yi shelar ranar haihuwar Kaisar Agusta, sarkin Rum. Ka ga masu fassarar Littafi Mai Tsarki da suka ce Bishara sun dace, don ita da albishir tushensu ɗaya. Shi ya sa kunnena ke ƙaiƙayi in na ji mai shela ya ce "muna muku albishir", sannan ya sanar da ƙarin kuɗin mota. Wa zai ba ka goro a kan wannan?

Tambaya: A Markus 1:1 na ga euangeliou, da u a ƙarshe. Kuskuren ɗab'i ne?

Amsa: A'a, siffar mallaka ce. Mu mukan liƙa -n a jikin abin da aka mallaka, mu ce farkon Bishara. Girkawa kuwa wutsiyar mai mallakar suke sauyawa.

Tambaya: Kalmar euangelion namiji ce ko mace?

Amsa: Ba ko ɗaya, Girkanci na da jinsi na uku. Mu ne muka ɗaura wa Linjila zane don ta ƙare da -a.

Tambaya: Ina n ɗin farko na euangelion a rubutun Girkanci? G biyu na gani.

Amsa: In g biyu suka jeru, ng ake furtawa.