Amsa ga 'yar'uwa mai tambaya kan dunƙulen da aka gani a huhun maigidanta

Assalamu alaikum. Malama, Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce an ga wani dunƙule kewayayye a hoton ƙirjinsa, gwajin kaki bai nuna tarin fuka ba, kuma likita ya ce mai yiwuwa ƙari ne wanda ba kansa (ciwon daji) ba, shi ne kike son sanin yadda ake tabbatarwa. Wallahi da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, domin ta wannan hanya na bi shekara 5 da suka wuce.

Ni tarin hunturu ne ya kai ni wani ƙaramin asibiti a nan Damagaram. Ma'aikacin da na tarar ya ɗaga hoton ya haska shi a taga, ko minti guda bai yi ba, ya ce tibi ce, wato tarin fuka. An gwada kakina sau biyu ba a ga komai ba, ya ce ba kullum take fitowa a gwaji ba, kuma wannan gaskiya ne, ban ƙi ba. Abin da har yau yake yi mini ciwo shi ne, da na koma bayan wata 2 na roƙe shi a sake dubawa tunda ban rame ba, ba na zazzaɓi, ba na gumin dare, sai ya ce, "Malam, kai ne likitan ko ni?" Wata 6 na yi ina haɗiyar ƙwayoyi da sassafe cikina babu komai, fitsarina ya koma ja kamar zoɓo. A gida aka ware mini kwano da kofi. A fadarmu kuwa, inda na shekara goma ina zama, na ga yaron da ke dafa shayi ya ɗauke kofin da na sha da yatsu biyu ya ajiye shi can gefe, kowa ya yi kamar bai gani ba. 'Yata mai shekara 4 aka hana ta hawa cinyata, ta tsaya bakin ƙofa tana kallona, ita ba ta san laifin da ta yi ba. Na yafe wa mutumin nan, amma ban manta ba.

Da maganin ya ƙare aka sake hoto, dunƙulen yana nan daram, bai ragu ba bai ƙaru ba. Yayana ne ya matsa mini na sauka Yamai aka yi mini sikana, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, kuma a nan magana ta fito. Likitan huhu ya nuna mini cewa a cikin dunƙulen, mai faɗin santimita 2, akwai kitse da wasu fararen ɗigo-ɗigo masu tauri da suka yi fasalin gugguru. Sunansa hamartoma, kuma shi ne mafi yawa a cikin ƙarin huhu marasa kansa. Guringuntsi ne da kitse da sauran naman da dama huhu ke da su, suka cure wuri guda. Girmansa a hankali ne ƙwarai, an fi samunsa a maza masu matsakaicin shekaru, kuma galibi ba a ganinsa sai an je hoto don wata lalura daban. Tarin da ya kai ni ma ba shi ya jawo ba.

Sai dai kada ki ɗauka kowa zai yi sa'a irin tawa. Wani dunƙulen ba ya nuna waɗannan alamomi, sai an ciro ɗan nama an duba a madubin likita. Idan yana gefen huhu, allura ake sokawa ta tsakanin haƙarƙari sikana na nuna hanya, kuma ki sani wani lokaci iska kan ɓalle ta danne huhun, shi ya sa ake riƙe mutum a sa masa ido. Idan kuwa a cikin hanyar numfashi yake, siririn bututu mai kyamara ake zurawa ta hanci ko baki, kuma irin wannan ne ke kawo tarin jini ko ciwon huhu mai yawan dawowa a wuri guda. Wani ma sai an yi tiyata an cire shi ɗungurungum kafin a san sunansa. Hoton ƙirji shi kaɗai ba ya yanke hukunci, don haka kada ku sakankance, kada kuma ku bari dangi su fara yi masa kallon mai kansa.

Ina roƙon wanda aka tabbatar masa da tarin fuka kada ya karanta labarina ya ajiye maganinsa, domin nawa daban ne. Ke kuma Malama, ki gaya wa likita gaskiya idan maigida ya taɓa shan taba, ko da ya bari tuntuni, kada kunya ta hana ki. Sannan ki bincika akwati da ƙarƙashin katifa ko akwai tsohon hoton ƙirjinsa, domin dunƙule mai tauri da ya shekara 2 bai canja ba alama ce mai kwantar da hankali. Ni nawa suna cikin ambulan guda, kowanne da kwanan watansa, kuma da su nake zuwa duk lokacin da za a sake duba ni. Shekarun maigida nawa ne, kuma santimita nawa aka rubuta a takardar sakamakon?