Abin mamaki ko alƙaluman ƙididdiga: da wanne zan buɗe jawabi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina cikin masu wakiltar makarantarmu a gasar muhawara. An ce mu buɗe jawabi da wani abin mamaki na gaskiya, ko da alƙaluman ƙididdiga. Ni kuwa a ganina duk ɗaya ne, tunda kowanne akwai lamba a ciki. Mene ne bambancinsu, kuma yaya ake amfani da su? Daga wata ɗaliba a Kumo, jihar Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ba ɗaya ba ne, kuma ba lamba ce ke raba su ba.

Abin mamaki na gaskiya magana ce guda, tsayayya, wadda ko dai haka take ko ba haka take ba. Misali, ruwan Wikki da ke dajin Yankari ɗuminsa na tsaye ne a kusan digiri 31, da sanyi da bazara, dare da rana. Akwai lamba a ciki, amma awo ne na abu ɗaya, ba a tara mutane ko kaya aka ƙirga ba. Haka idan kin ce an cire jihar Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996. Aikin irin wannan magana shi ne ta sa mai sauraro ya ɗago kai. Sharaɗinta biyu: ta zama sabuwa ga waɗanda ke gabanki, domin mutumin Alkaleri, ƙaramar hukumar da dajin Yankari yake, ba zai yi mamakin Wikki ba, sannan ta kai ki kan maudu'inki kai tsaye. In muhawarar kan yawon buɗe ido ce, Wikki ta dace. In kan karatun 'ya mace ce, ajiye ta.

Ƙididdiga kuwa sakamakon ƙirga ce, wani ne ya tara bayanai ya fitar da ita. Shi ya sa ba a faɗinta tsirara, sai da amsar tambaya huɗu: wa ya ƙirga, yaushe, su wa aka ƙirga, kuma cikin nawa? Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba jihar Gombe mutum kimanin miliyan 2.37, Bauchi kuma miliyan 4.65. Tun daga lokacin ba a sake yin ƙidaya ba, an ma ɗage wadda aka shirya a 2023. Saboda haka duk adadin da kika gani na yawan jama'ar Gombe a yau hasashe ne, kuma dole ki kira shi hasashe. Ranar kafa jiha ba ta tsufa, ƙididdiga kuwa tana tsufa.

A nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, musamman wajen kashi cikin ɗari. A ce aji mai ɗalibai 60, bara mutum 2 suka ci jarrabawa, bana 4. Wani zai miƙe ya ce an samu ƙarin kashi 100 cikin 100. Bai yi ƙarya ba, amma ya ɓoye cewa 56 sun faɗi. Matsakaici ma, wato a haɗa jimla a raba ta daidai ga kowa, yana da irin wannan tarko. A ce 'yan kasuwa goma, tara kowanne na samun naira 5,000 a rana, ɗaya na samun 500,000. Matsakaicinsu zai zama 54,500, kuɗin da babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ke samu. In abokin karawarki ya kawo irin waɗannan, tambaye shi: cikin mutum nawa?

A ra'ayina ki buɗe da abin mamakin, ki ajiye ƙididdiga sai kin zo kafa hujja, domin nan ne nauyinta ke amfani. Wajen faɗi kuma a taƙaita. Kunne ba ya riƙe 4,653,066, amma zai riƙe "sama da miliyan huɗu da rabi". Kada ki jera lamba fiye da biyu a numfashi ɗaya, kuma ki haɗa kowace da shekara da hukumar da ta fitar, kamar "a ƙidayar 2006 ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa". Abin da kika gani a WhatsApp ba tare da madogara ba, kome daɗinsa, bar shi. Cikakken adadin da inda kika samo shi ki rubuta a bayan takardarki, don alƙalai na iya tambaya.